Paul Ehrlich, likitan da ya koyi sirrin magani daga rini

Masu saurarenmu na Magarya da Dungas da ƙauyukan kewaye, da ƴan uwa da ke karanta mu daga Kano, Agadas, Libiya ko Abijan, yau mun ɗauko muku tarihin wani Bajamushe da ya mutu shekara ɗari da ƴan kai da suka wuce. Bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Amma ƙwayoyin da ma'aikatan CPS ke bi gida-gida suna ba yara da damina, tushen tunanin da ya haife su daga wurinsa ya fito. Sunansa Paul Ehrlich, ana furta shi kusan Erlish.

Tambayar da ya ƙare rayuwarsa yana bi, ko tsohuwa a tsakar gida tana iya yin ta. Yaro ya haɗiyi ƙwaya, ta narke a ciki, ta bi jini ta zagaya ko'ina, daga ƙwaƙwalwa har ɗan yatsan ƙafa. To ta yaya ta san ƙwayar cutar da za ta kashe, ta bar yaron da rai? Amsar Ehrlich ita ce magani ba ya yin komai sai ya kama wani abu ya riƙe, kuma maganin kirki shi ne wanda ya fi kama cutar bisa ga yadda yake kama mai cutar. Yau wannan magana kamar kowa ya san ta. A zamaninsa sai da aka yi ta musu da shi.

An haife shi ranar 14 ga watan Maris na 1854 a wani ƙaramin gari mai suna Strehlen, wanda a lokacin yana cikin ƙasar Jamusawa, yanzu kuwa yana cikin Polan. Iyayensa Yahudawa ne, mahaifinsa Ismar yana da masauƙin baƙi. Wanda ya fi tasiri a kansa tun yana yaro shi ne wani ɗan uwansa ta wajen uwa, Karl Weigert, wanda ya girme shi da shekara tara, likita mai duba naman jiki a madubin likita. A wurinsa Ehrlich ya fara ganin yadda ake yanka nama siriri kamar ɓawon albasa, a ɗiga masa rini, sai abin da ido bai gani ba ya fito fili.

Ya kamata mu ɗan tsaya a kan rinin nan. A 1856 wani saurayi ɗan Ingila, William Perkin, yana ƙoƙarin haɗa kinini daga kwaltar gawayin dutse. Kinini bai samu ba, sai ya samu rini mai launin shunayya. Daga nan masana'antun Jamus suka duƙufa, suna fitar da launi bayan launi daga kwalta. Shi ne abin da kakanninmu suka kira galura lokacin da ya iso kasuwanninmu, kuma tun da kamfanin BASF ya fara sayar da shunin masana'anta a 1897, marinar baba a ko'ina cikin duniya ta fara ja da baya. Ehrlich ya tashi daidai lokacin da waɗannan kwalabe masu launi suka cika ƙasarsu. Ya yi karatun likita a Breslau, Strasbourg, Freiburg da Leipzig, kuma abokan karatunsa sun san shi da yatsu masu launi da tebur mai dabbare-dabbare. A 1878 ya kammala da rubutu a kan yadda rini ke kama naman jiki.

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin marina, ko ta Ƙofar Mata a Kano ko wata ta ƙauye, ya ga abin da Ehrlich ya gani. A tsoma farin saƙi na auduga, ya sha baba. A tsoma yadin leda na zamani cikin wannan karofin, ya fito kusan yadda ya shiga. Ruwa ɗaya, rini ɗaya, amma wani zare ya karɓa wani ya ƙi. Masanan lokacin da yawa sun ɗauka rini shiga ramukan nama kawai yake yi kamar yadda ruwa ke shiga soso. Ehrlich ya ce a'a, akwai dangantaka ta sinadari tsakanin rinin da abin da ya kama. Da ya fara aiki a asibitin Charité na Barlin a 1878, sai ya riƙa shafa jini a gilashi yana rinawa. Ya ga wasu fararen ƙwayoyin jini sun fi son rini mai tsami, wasu mai kanwa-kanwa, wasu kuma tsaka-tsaki. Da haka ya rarraba su gida-gida, kuma sunayen da aka ba su daga wannan aiki su ne har yanzu ake rubutawa a takardar awon jini da labo ke miƙo muku.

Ranar 24 ga Maris na 1882 yana zaune cikin ɗakin da Robert Koch ya bayyana ƙwayar cutar tarin fuka. Ganin ƙwayar yana da wuya, don ba ta shan rini da sauƙi. Cikin ƴan makonni Ehrlich ya gyara hanyar rina ta. Ana ba da labari cewa ya bar gilasansa a kan murhun ɗumama ɗaki, aka hura wuta bai sani ba, da safe ya tarar zafi ya sa rinin ya shige. Da wannan hanya tasa ya gano cutar a cikin nasa majinar a 1888. Ya ɗauki matarsa Hedwig Pinkus, wadda ya aura a 1883, ɗiyar wani mai masaƙa, suka tafi Masar neman busasshiyar iska. Ya dawo a 1889 da sauƙi, ba shi da aikin gwamnati, sai ɗan ɗakin bincike da surukinsa ya taimaka masa ya buɗe.

Kafin tafiyar ya riga ya lura da wani abu. Idan ya yi wa dabba mai rai allurar wani rini da ake kira shuɗin metilen, jijiyoyin da ke kai saƙo cikin jiki ne ke yin shuɗi, naman kewaye bai cika ɗauka ba. Kuma wannan rinin yana kama ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro a gilashi sosai. Sai ya yi lissafi irin na mai hankali: abin da ya zaɓi ƙwayar cuta ya manne mata, me zai hana ya cutar da ita? A 1891 shi da likita Paul Guttmann suka ba mutum biyu masu zazzaɓin cizon sauro wannan rini a asibitin Moabit na Barlin, suka warke. Wannan ne karon farko da aka yi maganin palu da abin da aka haɗa a masana'anta. Bai ture kinini ba, don bai kai shi ƙarfi ba, ga shi kuma yana mayar da fitsari shuɗi ko kore, abin da ba kowa ke jurewa ba.

Daga nan sai hanya ta ratse da shi zuwa dafi. Ya riƙa ba ɓeraye dafin ƴaƴan zurma da na idon zakara, tsire-tsire biyu da muka sani sarai, kaɗan-kaɗan yana ƙarawa, har suka iya jure abin da da zai kashe su nan take. Ɓeran da ya saba da dafin zurma, dafin idon zakara yana kashe shi, haka kuma akasin haka. Wato kariyar da jiki ya ƙera ta dace da dafi guda ne kawai. Ya kuma nuna uwa tana ba ɗanta wannan kariya ta nono, ko da ba ita ta haife shi ba. Iyaye mata, ga hujja tun ta 1892.

Wannan ƙwarewa ta auna ƙarfin dafi da ƙarfin makarinsa ita ta ceci maganin mashaƙo. Emil Behring ya gano ruwan jinin dabbar da aka saba wa dafin mashaƙo yana warkar da yara, amma kwalba ɗaya ta yi aiki, ta gaba ta ƙi. Ehrlich ne ya tsara yadda za a ƙarfafa shi a jikin dawaki da yadda za a auna shi, har kamfanin Hoechst ya fara sayarwa a 1894. Kuɗi da suna kuwa Behring ya fi kwasa, shi kaɗai aka ba kyautar Nobel ta farko a fannin likita a 1901, kuma zumuncinsu bai sake komawa daidai ba. Mu da muka ga yadda mashaƙo ya dawo a 2023, daga Kano har Matamaye nan kusa da mu, mun san darajar makarin da aka auna ƙarfinsa daidai.

A 1897 ya fito da bayanin da ya sa sunansa ya zauna. Ya ce a jikin kowace ƙwayar halitta akwai wasu ƴan rassa da suka fito waje, aikinsu kama abinci. Dafi yana cutarwa ne saboda siffarsa ta dace da ɗaya daga cikin rassan nan, sai ya kama. Mu kira su makama, kamar makamar tukunya ko ta ƙwarya. Wanda jikinsa ba shi da makamar wani dafi, dafin zai ratsa shi ya wuce. Shekara uku kafin haka abokinsa Emil Fischer ya kwatanta irin wannan dacewa da ɗan makulli da kwaɗonsa. Babu wanda ya taɓa ganin makamar da ido a lokacin, kuma zane-zanen da Ehrlich ya yi nata sun sha ba'a, wasu na cewa sun fi kama da dabbobin ruwa. Sai bayan mutuwarsa da shekaru da dama aka ware su, aka ga furotin ne masu gurbi da loko. An ba shi Nobel a 1908 tare da Élie Metchnikoff saboda aikin garkuwar jiki.

Abin da ya fi ba mu sha'awa a tarihinsa shi ne shi kansa da farko bai yarda magunguna na yau da kullum suna da makama ba. Dalilinsa mai ƙarfi ne. Dafin mashaƙo in ya kama ba ya saki. Amma yawancin magunguna aikinsu na ƴan awoyi ne, kuma ana iya wanke su daga nama. Abin da ke wankuwa, ya za a ce ya kama? Abu biyu suka juya shi. Na farko aikin John Langley na Kambirij a Ingila, wanda a 1905 ya nuna sinadarin taba da wani dafin kibiya na Amurka ta Kudu suna takara a kan wuri guda a jikin tsoka, wanda ya fi yawa ya ture ɗayan. Na biyu kuwa abin da ya gani a ɗakin bincikensa, za mu zo kansa.

Bambancin da ya rikita shi muna da shi a gida. Lalle in ya kama farce, ba sabulun da zai fitar da shi, sai farcen ya tsiro an yanke, saboda sinadarin lalle ɗaurewa yake yi da furotin ɗin farce ɗauri na dindindin. Goro kuwa, sinadarin da ke cikinsa yana zama ne a makamar da ke sanar da ƙwaƙwalwa gajiya, ya toshe ta, barci ya gudu. Bayan ƴan awoyi ya saki, hamma ta dawo, a sake ɓare wani. Penisilin da aspirin ƴan gidan lalle ne. Mafi yawan magunguna ƴan gidan goro ne: su kama, su saki, su sake kamawa.

Masanan da suka zo bayansa ne suka warware lissafin wannan kamu, kuma yana da kyau mu bi shi a hankali. Ƙwayar parasetamol guda mai miligiram 500 tana ɗauke da ƙananan ƙwayoyin sinadari da adadinsu sai an rubuta 2 an bi ta da sifiri 21. Ba su da ido, ba su da hanci. Zafin jiki, digiri 37, shi ke girgiza su ba tsayawa, suna karo da duk abin da suka tarar. Inda siffa ba ta dace ba, su yi gaba. Inda ta dace, sai wasu ƴan ƙananan jan hankali su fara aiki. Akwai na gefen da ke da caji irin na kan batir da gefen da ke da irin na gindinsa, suna jan juna. Akwai wasu siraran zaruruwa da sinadarin haidirojin ke ƙullawa tsakanin ɓangarorin biyu. Akwai kuma wanda ruwa ke yi: ku ɗiga man gyaɗa a kwanon ruwa ku ga yadda ɗigon ke haɗuwa wuri guda. Haka ruwan jiki ke tura ɓangaren magani mai maiƙo cikin lokon furotin mai maiƙo. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ba shi da ƙarfi, zafin jiki kaɗai yana iya tsinka shi. Kamar jinkar ɗaki ne, ba igiya ɗaya ke riƙe ta ba, ɗauri ne da yawa a wurare da yawa.

Kuma kamun ba kyauta ba ne, ciniki ne mai uwar kuɗi da riba. Kafin magani ya zauna a gurbi, sai an yaye ruwan da ya lulluɓe shi da wanda ya cika gurbin, wannan kashe kuɗi ne. Ƙwayar da take yawo tana juyi yadda ta ga dama, yanzu an tsayar da ita wuri ɗaya, wannan ma kashe kuɗi ne. Abin da aka samu daga ɗaure-ɗauren nan shi ne kuɗin shiga. In shiga ta fi fita, kamu ya tabbata, kuma gwargwadon ribar gwargwadon daɗewar zama. Abin mamakin shi ne ribar ƴar kaɗan ce ke yanke hukunci. Zare ɗaya ya ƙaru ko ya ragu, ƙarfin riƙon na iya ninkuwa sau goma ko ya faɗi sau goma. Shi ya sa masu haɗa magani ke kwashe shekaru suna canza ɗan gefe guda na sinadari suna sake gwadawa. Ehrlich bai san wannan lissafi da lambobinsa ba, amma shi ya fara wannan sana'ar ta canzawa da gwadawa.

A 1899 cibiyarsa ta koma Frankfurt, kusa da masana'antun rini, kuma a 1906 wata attajira, Franziska Speyer, ta gina masa gidan bincike don tunawa da mijinta. Sakatariyarsa Martha Marquardt, wadda ta rubuta tarihinsa, ta bar mana hotonsa: mutum mai shan sigar kusan 25 a yini, akwatinta a hammata, aljihu cike da fensir masu launi, yana rubuta wa kowane ma'aikaci umarnin ranar a ɗan kati. In takarda ta ƙare ya yi zane a ƙofa ko a hannun rigarsa. Abinci bai dame shi ba. Hutunsa karanta labaran ƴan sandan ciki.

Abin da ya sa gaba shi ne ƙwayar cutar da ƙudan tsando ke ɗauka, mai sa mutum ciwon barci, mai sa shanu sammore. A 1904 shi da wani Bajapane, Kiyoshi Shiga, bayan gwada rini ɗari-ɗari, suka samu wani ja da ya warkar da ɓeraye. A jikin mutum da manyan dabbobi bai yi abin kirki ba. Sai labari ya zo daga Liverpool a 1905 cewa wani haɗin arsenik mai suna atoksil yana kashe wannan ƙwaya. Arsenik guba ce da aka daɗe da sani. Ehrlich da mai haɗa masa sinadarai Alfred Bertheim suka gano cewa siffar atoksil ba yadda aka ɗauka take ba, tana da gefen da za a iya ɗaura wa wasu abubuwa. Dabararsu ita ce a ɗora gubar a kan abin hawa da zai fi son ƙwayar cuta bisa naman mutum. Shi ne abin da ya kira harsashin tsafi, wanda ke neman abokin gaba da kansa. Kowane haɗi sai a auna abu biyu, adadin da ke warkarwa da adadin da dabba ke iya jurewa. In tazarar ta yi faɗi, magani ne. In ta matse, guba ce kawai.

Akwai ɓangaren wannan labari da littattafan yabo ke tsallakewa, mu ba za mu tsallake ba. A kan ƴan Afirka aka gwada yawancin waɗannan magunguna na arsenik. Koch ya yi ta ba masu ciwon barci atoksil a tsibiran tafkin Biktoriya a 1906 da 1907, wasunsu suka makance. Haɗe-haɗen da suka fito daga Frankfurt an aika da su ga likitocin mulkin mallaka, aka gwada su a sansanonin da aka tsare marasa lafiya a ƙasashen da Jamus ke mulka, har da Togo, ba tare da an nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kuma an rasa rayuka. Ciwon barci kisa yake yi in ba a yi magani ba, wannan gaskiya ne. Amma abin da ba a yarda a yi wa Bajamushe a Barlin ba an yi wa baƙar fata a sansani, kuma Ehrlich yana karɓar rahotannin.

To ga abu na biyu da ya juya tunaninsa. A wajen 1907 ma'aikatansa suka lura cewa in aka ba ɓera maganin da bai kai ya kashe ƙwayoyin cutar duka ba, waɗanda suka tsira sai su hayayyafa, jikokinsu kuma maganin ba ya taɓa su ko an ninka. Ƙwayar da ta bijire wa arsenik, jan rini yana kashe ta. Wadda ta bijire wa jan rini, arsenik yana kashe ta. Ehrlich ya ce ashe kowane gidan magani da makamarsa a jikin ƙwayar cuta, kuma bijirewa na nufin makamar ta daina riƙo da kyau. Daga nan ya fitar da shawara biyu da har yau ake bi: a bugi cuta da wuri da cikakken ƙarfi, kuma a haɗa magunguna biyu masu makama daban-daban.

Nasarar da ta kai sunansa duniya daga wata cuta ta zo. A 1905 aka gano ƙwayar cutar tunjere, siririya mai murɗe-murɗe. A 1909 wani Bajapane kuma, Sahachiro Hata, ya iso Frankfurt da ƙwarewar sa wa zomaye cutar. Ehrlich ya sa shi ya sake gwada duk haɗe-haɗen arsenik da ke kan kanta. Mai lamba 606, wanda aka haɗa tun 1907 aka ajiye, shi ya share gyambon zomaye da allura ɗaya. Suka sanar a taron likitoci na Wiesbaden a watan Afrilu na 1910. Kafin a fara sayarwa Ehrlich ya raba wa likitoci kwalabe 65,000 kyauta, da sharaɗin su aiko masa da sakamako, mai kyau da marar kyau. Kamfanin Hoechst ya fitar da shi da sunan Salvarsan. Kafin wannan, maganin tunjere shafa sinadarin makuri ne, mai zubar da haƙora.

Salvarsan ba mai sauƙi ba ne. Iska na lalata shi, sai an narka shi da kulawa an ɗura ta jijiya, likitan da ya yi ganganci ya jawo ruɓewar nama ko mutuwa. A 1912 ya fitar da mai lamba 914, wanda ya fi narkewa. Duk da haka aka yi masa ca. Wasu na cewa ya buɗe wa fasiƙai ƙofa, wasu na cewa kuɗi yake nema, wasu kuma Yahudancinsa ne ya tsone musu ido. Har kotu aka je a Frankfurt a 1914, aka ɗaure wani ɗan jarida shekara ɗaya saboda ƙazafi. Maganin ya ci gaba da aiki har penisilin ya karɓe shi a shekarun 1940. Wani abin dariya, siffar da Ehrlich ya zana wa 606 ba daidai take ba, sai a 2005 masana a Niyu Zilan suka nuna ƙwayoyin arsenik ɗin zobe suke yi, uku-uku da biyar-biyar.

Yaƙin duniya na farko ya same shi a gajiye. Ya sa hannu a takardar manyan masanan Jamus 93 da suka goyi bayan sojan ƙasarsu. A ƙarshen 1914 ya samu shanyewar jiki ta farko, ta biyu ta kashe shi ranar 20 ga Agusta na 1915 a Bad Homburg, yana da shekara 61. An binne shi a maƙabartar Yahudawa ta Frankfurt. Da ƴan Nazi suka hau mulki sun cire sunansa daga titin da aka sa masa, matarsa ta gudu daga ƙasar a 1939, ta mutu a Amurka. Daga baya Jamus ta sa hotonsa a takardar kuɗi ta mark 200, kuma hukumar da ke tantance alluran rigakafi a ƙasar sunansa take ɗauke da shi.

Zaren da ya taso daga Frankfurt zuwa Magarya ga yadda ya biyo. Ɗaya daga cikin yaransa, Wilhelm Röhl, ya koma kamfanin Bayer, inda ya riƙa gwada magungunan zazzaɓi a jikin tsuntsayen kanari. Masu haɗa sinadarai na can suka fara daga shuɗin metilen, suna canza gefe bayan gefe, har a 1934 Hans Andersag ya haɗa kulorokin, wato Nivaquine da iyayenmu suka sha shekara da shekaru. Amodiyakin ɗan gidansu ne. A wannan kamfanin dai Gerhard Domagk ya gano a 1932 cewa wani jan rini, Prontosil, yana kashe ƙwayoyin cutar da ke ruɓar da jini. A 1935 masanan cibiyar Pasteur ta Paris suka nuna cewa jiki raba rinin yake yi gida biyu, kuma ɓangaren da ba shi da launi shi ke aikin. Launi dama alama ce kawai da ta sa ido ya ga kamu. Daga wannan gida sulfadoksin ya fito. Berenil da makiyaya masu gangarawa kudu ke yi wa shanu saboda sammore, shi ma daga Hoechst ya fito a shekarun 1950.

Wato ƙwayoyin CPS, da aka fara rabawa a gundumar Magarya a 2013 tare da ƙungiyar likitoci marasa iyaka ta MSF, jikokin kwalaben rini ne. Rana ta farko yaro yana shan sulfadoksin da pirimetamin haɗe da amodiyakin, rana ta biyu da ta uku uwa ta ba shi amodiyakin a gida. Kowane da makamarsa. Biyun farko suna toshe wurare biyu a hanyar da ƙwayar cutar ke ƙera wani sinadari da ba ta iya hayayyafa sai da shi, kuma pirimetamin ya fi riƙe gurbin ƙwayar cutar nesa ba kusa ba bisa irinsa da ke jikin yaron. Amodiyakin kuwa wani wuri yake tarewa. Ƙwayar cutar jan jini take ci, ragowar abincin guba ce gare ta, sai ta riƙa jera shi tana curewa kamar tubali. Maganin ya manne wa tubalin, jeri ya tsaya, ta mutu da dattinta.

Abin da ya faru da ɓerayen 1907 ya faru da Nivaquine. Ƙwayar cutar ta samu wata ƴar ƙofa da ke fitar da maganin daga cikinta kafin ya kama, har ƙasarmu ta bar shi ta koma magunguna masu haɗi biyu irin su Coartem a tsakiyar shekarun 2000. Pirimetamin ma a gabashin Afirka ya yi rauni ƙwarai, kuma farkon raunin ɗan tudu ne guda da ya fito a cikin gurbin, ya hana maganin zama daram. Yawan makamar da magani ya cike ya dogara ne ga yawansa a jini. Idan an ba yaro ƙwayar rana ta farko aka ɓoye ta biyu da ta uku saboda ɗaci, ko aka raba ta da ƙaninsa, ko aka sayi rabin magani a faranti a kasuwa wanda rana ta gama dafawa, maganin da ke jini ba zai kai ya cike gurbi ba. Masu raunin su mutu, masu tudu a gurbi su tsira, sauro ya kwashe su ya kai gidan maƙwabci.

Shi kuwa shuɗin metilen, wanda aka daɗe da ajiyewa, an sake ɗauko shi. Tun farkon shekarun 2000 ake gwada shi a kan palu a garin Nouna na Burkina Faso, haɗe da wasu magunguna. A Ouélessébougou ta ƙasar Mali kuma, binciken da aka wallafa a 2018 ya nuna yana kashe irin ƙwayoyin cutar da sauro ke ɗauka daga jinin mutum, har sauron da ya ciji wanda ya sha shi ba ya cika kamuwa. Fitsari dai har yanzu shuɗi yake fitowa, kuma masu binciken sai da suka riƙa gaya wa iyaye tun kafin a fara, kada su tsorata in sun ga zanen goyo ya rine.